Matacce na iya dawowa, amma kada a shafe tarihinsa

Duk wanda ya taɓa bin wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake nunawa da rana a talabijin ɗin Amurka ya san abin da zai gani tun kafin ya gani. Wani zai yi hatsari ya manta ko shi wane ne. Wata za ta gano an musanya mata jariri a asibiti. Wanda aka yi wa jana'iza bara zai turo ƙofa ana tsakiyar ɗaurin auren matarsa. Mugun nan Stefano DiMera na shirin Days of Our Lives, sau da yawa ana kashe shi yana dawowa.

Masu suka na cewa wannan ƙarancin basira ne. Ni ban yarda ba. Shiri ne da ke fitowa kwana biyar a mako, shekara da shekaru. Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. General Hospital kuwa tun 1963 yake tafiya. Wane marubuci ne zai ƙirƙiro sabuwar masifa kullum na tsawon shekara 72? Dole labari ya zagayo. Irna Phillips, wadda ta ƙirƙiri Guiding Light a zamanin da kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ke ɗaukar nauyin waɗannan shirye-shirye, ta gina su ne a kan iyali da mutanen cikinsa. Mai kallo yana dawowa ne don ya ga yadda wance za ta ɗauki abin da ya same ta, ko da ya taɓa ganin irinsa a gidan wata.

A nan nauyin marubuci yake. Susan Lucci ta fito a matsayin Erica Kane a All My Children daga 1970 har zuwa 2011. Marubuta sun zo sun tafi, amma akwai matan da suka fara kallonta suna 'yan mata, suka ci gaba har suka yi jikoki. Sun san wa ta aura, wa ta yaudara, me ta faɗa wa mahaifiyarta. Idan sabon marubuci ya sa irin wannan mace ta yi abin da ya saɓa wa halinta don kawai a samu tashin hankali na mako guda, ya ci amanar mutanen da suka fi shi sanin ta.

Abin da ya fi damuna shi ne wanke laifi. A 1979, a General Hospital, Luke ya yi wa Laura fyaɗe. Jama'a suka ƙaunaci ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Luke, sai marubuta suka karkatar da labarin ya zama soyayya, aka riƙa kauce wa kiran abin da sunansa. A 1981 aka ɗaura musu aure, mutane kimanin miliyan 30 suka kalla. Kasuwa ta yi kyau, amma an nuna wa miliyoyin mata cewa irin wannan ta'asa na iya zama mafarin ƙauna. Wannan ya fi dawowar matattu goma muni a wurina, domin dawowar matacce kowa ya san wasa ne.

Sai a 1998 shirin ya koma kan maganar. Ɗansu Lucky, wanda ke taimakon wata yarinya da aka yi wa fyaɗe, ya gano abin da mahaifinsa ya yi wa mahaifiyarsa. Marubutan lokacin ba su ƙirƙiro komai ba, tsohon rauni suka buɗe, wanda masu kallo ke riƙe da shi kusan shekara 20. Luke ya tsaya gaban ɗansa, aka kira abin da sunansa.