Har yanzu ƙabalu da sadalu?

Labarin nan na jama'ar da suka raba masallaci biyu don liman yana sakin hannu a salla ya tuna mini da babana, Allah ya jiƙansa. Baƙadire ne, da sadalu ya yi salla har ya koma ga Allah. Da na fara zuwa karatu wajen 'yan Izala sai na riƙa kallonsa kamar sallarsa ba ta yi ba. Ƙuruciya dangin hauka.

Daga baya na gano hadisin ƙabalu, wato ɗora hannun dama kan hagu, yana cikin Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, sakin hannu a farilla kuma yana cikin Mudawwana, ruwayar Ibnul Ƙasim daga Imam Malik ɗin dai. Kuma tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978, almajiran Shehu Ibrahim Inyass ake kira 'yan ƙabalu, su ma sun sha tsangwama a kai.

Gaskiya ni ba littafi na fara dubawa ba. Malamin da ya burge ni na bi, sai daga baya na nemo hujja. Baba kuwa ko sau ɗaya bai ce mini in saki hannu ba.