Yabon Ranar Lahadi Ba Ya Sauke wa Uwa Kaya

Duk wanda yake shiga majami'un Hausa a kudancin jihar Katsina, daga Malumfashi zuwa Ƙafur, Bakori da Funtuwa, ya san ɓangaren da yake fara cika. Na mata ne. Su ne da goyo a baya, su ne da tulu da ganga a wajen waƙa, su ne da 'yan kuɗin baiko ƙulle a bakin zane. In makon mata ya zagayo, sai a ba su wuri su bi da sujada, a karanta musu littafin Karin Magana sura 31 daga Littafi Mai Tsarki, a tafa musu. Ranar Litinin kowa ya koma inda yake. Ita da ruwa da itace da gona da jinyar yaro da koyar da addu'a, maigida kuwa ya yi sammako, ba a sake ganinsa sai tuwo ya sauka. Ni a ganina ikilisiyarmu ta iya yabon uwa ƙwarai, amma ta saba amfani da yabon nan wajen ɗora mata kayan da Littafi Mai Tsarki ya raba wa mutum biyu.

Sai an duba tarihi kafin a gane nauyin abin da matan nan suka riƙe. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a masarautun Arewa. Ƙofar da ta buɗe a ƙasar Katsina ta jinyar kuturta ce, lokacin da mishan ɗin SIM ya karɓi aikin Babbar Ruga a ƙarshen shekarun 1930. Daga baya bishara ta bazu a ƙauyukan Maguzawa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, a watan Oktoba na 2023 kuma aka yanke wa Katsina dayosis ɗinta na Katolika (yankin da bishop yake kula da shi) daga na Sakkwato, aka naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, bishop na farko. Waɗannan su ake rubutawa a takarda. Abin da ba a rubutawa shi ne, a ƙauyen da fasto ko katikis (mai koyar da addini a Katolika) ɗaya yake zagaya majami'u uku ko huɗu, wadda ta sa yaro ya haddace Addu'ar Ubangiji tana tuƙa tuwo ita ce ta sa bangaskiyar ta kai tsara ta uku.

Aikin nata a nan ya fi na takwararta ta Jos ko Kafanchan wuya, don yaronta yana tashi ne a inda Kirista ba su da yawa. A gida ɗaya za ka iske kaka da ba ta bar al'adun iyayenta ba, ga kawu Musulmi, ga uwa 'yar Zumuntar Mata ta majami'a. Yaro zai dawo daga wasa ya ce, "Mama, me ya sa mu ba ma zuwa idi?" Ko ya shigo da kuka don wani ya kira shi arne. Babu fasto a wurin, babu dattijo. Amsar da ta ba shi a tsakar gida, hannunta cikin ƙullu, ita za ta sa ya girma da kunyar addininsa, ko da ƙiyayyar maƙwabci, ko ya tsaya da kansa ba tare da ya zagi kowa ba. Galibin iyayenmu mata na ukun suka zaɓa. Su ne masu aika yaro da kwanon shinkafa gidan maƙwabta ranar Kirsimeti, su ne masu karɓar naman Sallah da godiya. Zaman lafiyar da manya suke taro a otal a kansa, a hannun waɗannan matan yake tafiya kowace rana. Ga kuma ƙorafin da shugabannin Kirista suka daɗe suna yi na ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Abin da makaranta ba ta koyar ba, gida yake komawa, gida kuwa a bakin mutanenmu yana nufin uwa.

To, ina uban yake?

Masu wa'azi suna son labarin Timoti, wanda Bulus ya ce bangaskiyarsa ta fara zama a zuciyar kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Gaskiya ne. Amma Ayyukan Manzanni sura 16 ta gaya mana uban Timoti Baheleni ne, uwar ce aka kira mai bi. Wato Afiniki ta ɗauki tarbiyyar ne a gidan da babu alamar maigidan ya taya ta. Yaya mutumin da aka yi wa baftisma, yana cin jibin Ubangiji, wataƙila ma dattijo ne a ikilisiya, zai kafa hujja da wannan gidan don ya nade hannu? Da Bulus ya zo maganar renon 'ya'ya a Afisawa sura 6, ubanni ya kira da suna, ya ce su yi renonsu da horo da gargaɗi na Ubangiji. Da 'ya'yan Eli suka lalace, Eli aka tuhuma don bai kwaɓe su ba, ba a ko ambaci uwarsu ba. Ayuba shi yake tashi da sassafe ya miƙa hadaya saboda 'ya'yansa. Mu kuwa in yarinya ta yi ciki ko yaro ya kama shaye-shaye, magana ɗaya ake ji a bakin masu jaje: uwarsa ce ta sake shi.

Ita kanta sura 31 da ake karanta wa mata, rabinta ake karantawa. Ana tsayawa a kan cewa macen kirki tana tashi tun da sauran dare, fitilarta ba ta mutuwa. Ba a cika ƙarasawa ba cewa tana da barori mata da take raba wa aiki, tana duba gona ta saya, tana sayar da abin da ta saƙa, surar kuma ta ƙare da cewa a ba ta rabonta daga aikin hannunta. Matan ƙauyukanmu sun san wannan tun kafin su ga littafin, don a al'adar Maguzawa mace tana yin aikin gandu, tana kuma da gayaunarta da rumbunta. Sai ga shi a wasu gidajen na Kirista, da kaka ta yi maigida ya kwashe waken suyan da ta noma ya kai kasuwa, in ta buɗe baki a ce mata mace mai biyayya ba ta gardama. In ta kai kuka wurin dattawa, amsar ba ta wuce, "Mama, sai haƙuri, ki ci gaba da addu'a." Haƙuri yana cikin albarkun Ruhu, ban musa ba. Amma dattijon da ya ba mace haƙuri bai kira mijin ya zaunar da shi ba, sallamar ta kawai ya yi.

Na san abin da maza za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za su ce su ma ba a inuwa suke kwance ba. Taki ya yi tsada, gonar nesa ba ta shiguwa saboda ɓarayin daji, wasu sun tafi ci-rani Kudu, wasu suna kwana gadin gari. Tun daga kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, har zuwa daren da aka shiga gidan Fada (limamin Katolika) a Gidan Maikambu cikin Ƙafur a watan Mayu na 2022 aka tafi da limamai biyu, babu magidancin da yake barci da ido biyu rufe a yankin nan. Na yarda. Sai dai abin da ake nema a wurin uba ba kuɗi ba ne. Minti goma ne da dare, ya buɗe littafin, ya sa yaro ya karanta aya, ya yi addu'a 'ya'yansa suna jin muryarsa. Mutumin da yake da lokacin sauraron ƙwallon Turai a waya a bakin mai shayi yana da wannan lokacin. Yaro namiji da bai taɓa ganin ubansa ya durƙusa ba, ran da ya fara gemu zai ɗauka addu'a aikin mata ce, sai ya koma tsayawa a waje har a gama wa'azi. Je ka duba bayan majami'a ranar Lahadi ka ga su wa suke jingine da babura.

Akwai kuma inda wannan sakaci yake cin rai. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shida na farkon 2025 saboda tamowa. Yunwa ba ta tambayar addini. Uwa ce take fara ganin yaro ya daina cin abinci, gashinsa ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Amma kuɗin mota da izinin fita suna hannun wani. Sau da yawa sai ta kwana uku tana addu'a tana jiran ya ce to, a wasu wuraren ma a samu mai gaya mata cewa zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Wannan koyarwa ba daga Littafi take ba, kuma abin kunya ne a ji ta a ƙasar da bishara ta shigo ta ƙofar asibiti. Fasto da zai iya yin wata guda yana wa'azi a kan zakka zai iya ware Lahadi ɗaya ya gaya wa maza cewa awon ciki da rigakafi da kai yaro asibiti a kan lokaci suna cikin amanar da za a tambaye su.

Ita ma ikilisiya tana da nata laifin a wajen tsarin mako. Zumuntar Mata makaranta ce, babu shakka. A nan mata da yawa suka koyi karatu, a nan suke adashi, a nan ake haɗa hatsi da sabulu a kai wa mai jego. Ba zan so a taɓa ta ba. Amma a lissafa: ranar zumunta, koyon waƙa, addu'ar tsakiyar mako, sharar majami'a, girkin baƙi in an yi taron gunduma, ga kuɗin anko kusan kowane biki. Mace mai yara biyar da ta kasa zuwa biyu daga ciki sai a fara cewa ta yi sanyi a ruhaniya. Ba a lissafa mata daren da ta kwana zaune da mai zazzaɓi tana rera masa waƙar sujada a cikin hidimar Ubangiji, alhali hidima ce.

Sai gwauraye, waɗanda aka kashe mazansu a gona ko a hanya, suka zama uwa da uba. Ikilisiyar farko a Urushalima, da aka yi gunaguni cewa ana manta wasu gwauraye a rabon abinci na yau da kullum, ba ta ce su yi haƙuri ba. Ta zaɓi maza bakwai ta ɗora musu aikin. Mu ma muna da zumuntar maza a kusan kowace majami'a, da shugaba da ma'aji da littafin suna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin damina ta faɗi, majalisar dattawa tana iya rubuta sunan kowace gwauruwa da girman gonarta, a raba wa maza ranakun gayya: wa zai yi mata huɗa, wa zai yi noman farko, wa zai tsaya wa yaronta a makaranta in an kira iyaye. A karanta rahoton a gaban jama'a duk wata, kamar yadda ake karanta na baiko.