Ɗan shekara uku da aikin gida na makaranta, haba jama'a

Dan Allah iyaye mu duba wannan gaggawar da muke yi da ƙananan yara. Ba a daɗe da yaye yaro ba an ɗinka masa yunifom, ƙarfe bakwai yana cikin adaidaita yana gyangyaɗi, ya dawo da rana kuma ga aikin gida shafi guda wai ya rubuta 1 zuwa 50, in ya kasa a ce ba ya ja, har a fara neman mai lesin. Shekara uku fa! Yatsun nan nasa ko ƙwari ba su gama yi ba, riƙe fensir wahala ne gare shi, abin da hannun yake so shi ne ya dama ƙasa, ya gina ɗaki, ya tsinci wake, ya yi ta ƙoƙarin sa maɓallin rigarsa da kansa, daga nan ƙarfin riƙe alƙalami yake fitowa.

Kafin yaro ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba, kuma hira tana cikin abubuwan da suka fi gina ta a shekarun nan. Ka yi masa magana ya ba ka amsa, ya tambaye ka me ya sa akuya ba ta sa takalmi ka tsaya ka amsa masa, ba ka ce "kai ka cika surutu" ba. Da, kaka ce ke wannan aikin, a yi isha'i a baje tabarma, gatanan gatananku, yara su ji yadda Gizo ya yi wa Ƙoƙi wayo, gobe kuma su maimaita wa juna har da ƙarin gishiri. Yaron da zai iya jero labari daga farko zuwa ƙurunƙus ai ya riga ya fara karatu. Yanzu mun ba waya wannan aikin, Maman Abba tana girki an miƙa masa katun ya yi shiru awa uku, muna jin daɗi yaro ba ya rigima. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma yana buƙatar motsa jiki na awa uku da barci awa 10 zuwa 13. Waya dai ba ta jiran yaro ya ba ta amsa.

Sai kuma masu hana yara Hausa a gida wai kar ta ɓata musu Turanci, wannan yana min ciwo wallahi. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin a Ife tun 1970, aka koyar da wasu yara da Yarbanci duk shekaru shida na firamare, suka fito ba a bar su a baya ba, har a Turancin. Ki yi wa ɗanki magana da harshen da ya zauna a bakinki, wanda za ki iya yi masa waƙa da zolaya da karin magana da shi, Turanci zai zo ya tarar da tushe.

Ga abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma ya haura rabi, kuma tsumburewa ba a tsayi kawai take tsayawa ba, har fahimta takan taɓa. Na san ana cikin tsada, amma wake da gyaɗa da zogale da awara ba su fi ƙarfin yawancinmu ba, ƙwai kuma ba ya sa yaro sata, a daina faɗin haka.

In ɗanki ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba irin "Mama ruwa", ko kina kiransa ba ya waiwayowa, kar ki zauna kan "ai babansa ma bai yi baki da wuri ba". Ku je asibiti a duba kunnensa, musamman in ya taɓa zubar da mugunya ko ya yi sanƙarau, don yaron da ba ya ji sosai ba zai iya kwaikwayon magana ba.