Gazuwal ba ya wanke dattin inji

Jama'a, wannan maganar da ake yi a garaji-garaji nan Damagaram, wai in baƙin mai ya daskare cikin tsohuwar mota kamar kwalta sai a zuba gazuwal (man dizal) a tada inji ya wanke, wallahi ganganci ne. Dattin ɓallewa yake guntu-guntu ya je ya toshe ragar famfon mai can ƙasan karter (kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji), mai ya daina hawa sama, ga gazuwal ba shi da kaurin da zai kare ƙarfe, sai inji ya buga.

Zafinmu da ƙura da jinkirin bidanj (canjin man inji) ne ke kawo wannan dattin. Ka sa makanike ya kwance karter ya kankare da hannu, a sa sabuwar filta, sannan ka riƙa bidanj da wuri.