Karatu kyauta a Jamus, to ɗakin kwana fa?

Labarin da wakilinku ya rubuta kan karatu a Jamus ya ce da zarar matashi ya samu gurbi a Jamus kakarsa ta yanke saƙa, tunda jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta. Rabin zance ke nan. Jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, kuma kafin a ba ka biza yawanci sai ka zuba yuro 11,904 a asusun da ake kullewa, 992 kacal ake sakar maka a wata. Amma inda gizo ke saƙa shi ne ɗaki. Kwana 14 doka ta ba ka bayan ka tare ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari, kuma ba za su yi maka ba sai da takardar shaida daga mai gida. Wanda ya raɓe a ɗakin aboki babu wannan takarda, lambar harajinsa ba za ta iso ba, izinin zamansa ma ya maƙale. Mai gida kuma yana iya neman ajiyar hayar wata uku. Ga kuɗin rediyo da talabijin, yuro 18.36 duk wata a kowane gida, ko ba ka kallo. Duk ɗan'uwan da ke cewa aiki zai rufe komai ya sani, kwana 140 cikakku aka yarje wa ɗalibi a shekara, kuma marar Jamusanci yawanci ɗaukar kaya ko wanke-wanke yake samu. Me ya hana wakilinku ya tambayi ɗalibi ko ɗaya nawa yake biyan ɗaki a Munich?