Ruwanda: Agajin da ya ciyar da makasa, da saniyar da ta haɗa maƙwabta

A watan Yulin 1994, bayan dakarun RPF, 'yan tawayen da 'yan Tutsi ke jagoranta, sun karɓe Kigali, babban birnin Ruwanda, sun kawo ƙarshen kisan ƙare dangin da ya laƙume rayukan mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari, galibinsu 'yan ƙabilar Tutsi, mutane kusan miliyan ɗaya, galibinsu 'yan ƙabilar Hutu, suka tsallaka iyaka zuwa garin Goma, a ƙasar Kwango da ake kira Zayar a lokacin. Ba a jima ba kwalara ta ɓarke a cikinsu, ta kashe dubun-dubata. Duniyar da ta naɗe hannu ana yanka mutane da adduna a coci-coci da makarantu, sai ga ta ta taso haiƙan da jiragen sama cike da masara da tantuna da magunguna.

Ciyar da waɗannan bayin Allah wajibi ne, domin yawancinsu mata ne da yara da ba su kashe kowa ba. Sai dai waɗanda suka riƙe ragamar sansanonin su ne tsofaffin jami'an gwamnatin da ta shirya kisan, tare da mayaƙan Interahamwe, 'yan bangar Hutu da suka aiwatar da kisan. Su ke rubuta sunayen masu karɓar abinci, su ke ƙara adadi don su sami rarar da za su sayar, su ke kuma hana mutane komawa gida. Abin ya kai ga reshen Faransa na ƙungiyar likitoci ta MSF ya tattara ya bar sansanonin kafin shekarar ta ƙare. A ganina wannan janyewa ita ce shawara mafi gaskiya da wata ƙungiyar agaji ta yanke a wannan rikici, ko da yake ta bar marasa lafiya a baya. Sansanonin nan su ne suka zama ɗaya daga cikin tushen yaƙin da ya ɓarke a gabashin Kwango a 1996.

A cikin Ruwanda kuwa, waɗanda suka tsira sun koma gidajen da aka kwashe musu kwanon rufi, ga wanda ya kashe musu dangi yana noma a gonar da ke jikin tasu. Matan da aka kashe wa mazaje suka kafa ƙungiyar AVEGA a 1995, gwamnati ta buɗe asusun tallafa wa waɗanda suka tsira a 1998, kotunan gargajiya na gacaca kuma suka saurari ƙararraki kusan miliyan biyu a filin unguwa kafin a rufe su a 2012.

Amma shirin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Girinka, wanda aka fara a 2006. Ana bai wa iyali matalauta karsana, sau da yawa mai ciki, da sharaɗin idan ta haifi maraƙa ta farko za a miƙa ta ga wani maƙwabci mabuƙaci. Yara su sha madara, kashin saniya ya zama taki a 'yar gonar da ke kan tudu, ragowar madarar a kai kasuwa. Wanda ya san habbanaye na Fulanin Nijar ba zai ga baƙon abu a nan ba. A al'adar Ruwanda wanda ya ba ka saniya ya zama ɗan'uwa, don haka idan maraƙar ta fita daga gidan wadda ta tsira ta shiga gidan dangin wanda aka ɗaure, an ƙulla wata alaƙa da babu buhun masarar da zai iya ƙulla ta.

Ba duk abin da aka yi ne ya tafi da yardar jama'a ba, kuma masu yabon gwamnatin Shugaba Paul Kagame sukan tsallake wannan. Daga ƙarshen shekarun 1990 an tilasta wa manoma da yawa barin gidajensu su koma ƙauyukan da aka tsara, imidugudu, wasu suka daɗe a bukkokin leda. Aikin gayya na umuganda, da ake yi a Asabar ɗin ƙarshen wata, yana da tara ga wanda bai fito ba. Lokacin da wasu ƙasashe suka dakatar da tallafi a 2012 saboda zargin Ruwanda da mara wa 'yan tawayen M23 na gabashin Kwango baya, talakan da ke jiran asibiti da makaranta ne ya fara jin raɗaɗin a jikinsa.