Ranar da Hajiya ta ga ma'aikatana

Har yau idan na tuna da Alhamis ɗin nan sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. 'Yan guruf ɗinmu sun riga sun ji rabin labarin, an kuma zuba masa gishiri, don haka gara in faɗi nawa da bakina.

Kun dai san sana'ar: alkaki, dubulan, nakiya, cincin, duk a tsakar gidana. Na fara ne a 2023, bayan an cire tallafin mai, lokacin da albashin Abbansu ya koyi ƙarewa kafin wata ya raba. Ƙanwata ce ta ce ba wanda zai turo kuɗi ga "mai alkaki" kawai, ta haɗa min tambari mai ruwan gwal a WhatsApp, ta koya min in riƙa cewa "mu". Mun karɓi odarki. Za mu aiko. Ma'aikatanmu suna kan aiki. Alhali "mu" ɗin nan ni ce da injin taliya guda ɗaya da kaskon da na ɗauko a gidanmu ban mayar ba.

Sai ga wata Hajiya daga Abuja za ta aurar da 'yarta a nan Kano, tana son kayan gara: alkaki bokiti 4, dubulan 3, nakiya 2. Ta turo rabin kuɗi, na aika mai adaidaita kasuwar Singa ya ɗauko fulawa da sukari da mai, na shiga aiki. Wadda ta taɓa alkaki ta san ba abin gaggawa ba ne. Ki kwaɓa ɓarzajjiyar alkama ta kwana ta tashi, ki murza, ki naɗe ɗaya bayan ɗaya, ki soya a wuta kaɗan-kaɗan don cikinsa ya soyu, sannan ki tsoma a ruwan sukari da lemon tsami. Kwana uku ina wannan, da goyo wani lokacin, da tuwon dare kullum.

A kwana ukun nan sau biyu Abbansu ya ce min, "Ai ke kina gida." Na farko da na ce ya biya ya ɗauko yara a makaranta. Na biyu da ya tarar ban goge masa kaftani ba. Ina gida! Kamar gida wani otal ne da nake kwance ana min fifita. Shi idan ya fita ofis ba wanda ke bin sa banɗaki yana buga ƙofa, ba wanda ke kawo masa ƙarar an cinye masa biskit yana tsaka da lissafi. Ni kuwa hannu ɗaya a mai, ɗaya a waya, ƙafa tana ture auta daga bakin murhu. Na haɗiye dai, na ce akwai rana.

Ranar ta zo, amma ni ta faɗa wa.

Hajiya ta aiko da saƙon murya cewa bayan la'asar za ta kira ni bidiyo ta ga kayan kafin ta cika kuɗi. Na manta sam Alhamis ce, babu Islamiyya, duk ukun suna gida. Na share kusurwar falo guda ɗaya tal, iya inda kyamara za ta kama. Tulin wankin da ban ninke ba na tura shi bayan kujera, na ɗaura igiya daga ƙusar kalanda zuwa taga, na rataya farin zanin gado ya rufe shi. Na jera bokitai kamar a kanti. Na zura hijabin unguwa a kan zanin da ya sha fulawa. Yara na cika musu kwano da gutsattsarin dubulan na kunna musu katun a ɗaki. Abbansu yana barci, na leƙa na ce, "Don Allah minti goma, kar ka fito." Ya ce "uhm". Wannan "uhm" ɗin da na dogara da shi, shi ya kashe ni.

Waya ta yi ƙara. Ba Hajiya kaɗai ba ce, su uku ne a wani falo mai fitilu, har da wata mai tabarau da ta turo fuskarta gaba. Muka gaisa, na yi muryar da nake yi wa kwastoma, mai sanyi, wadda 'ya'yana ba su taɓa ji ba. Na buɗe dubulan, suka ce ma sha Allah. Na ɓalla alkaki ɗaya na matso da shi, zumar sukarin na ɗiga, Hajiya ta ce, "Kai, 'yar nan, hannunki da kyau." Kaina ya fara girma.

Sai mai tabarau ta ce, "Ku nawa ne kuke aikin?"

Da na ce ni kaɗai ce, me zai faru? Babu. Ƙila ma su ƙara yaba min. Amma bakina ya riga ni, na ji kaina na ce, "Mu shida ne, ranki ya daɗe." Shida! Na sha ƙirgawa tun ranar: ni, Abbansu, yara uku. Na shidan har yanzu ban san wane ne ba.

Ban rufe baki ba na ji murya daga baya: "Ummi, na gama!"

Duk uwa ta san wannan "na gama". Na yi kamar ban ji ba, na ƙara ɗaga murya ina bayanin man shanun da ke cikin nakiya. "Ummiii, na gamaaa!" Sai ga auta ya ɗaga zanin gado ya shigo, riga kawai a jikinsa, ya riƙo fo da hannu biyu a hankali kamar mai kawo wa baƙi ruwa. Ya tsaya daidai tsakanin bokitin dubulan da kyamara, ya miƙo min. Don in ga ƙoƙarinsa, tunda ni na koya masa duk sanda ya yi a fo ya zo a tafa masa.

Na ce, "Ɗan maƙwabta ne." Wallahi haka na ce. Ɗan da na haifa, wanda ya gama kirana Ummi sau biyu a gabansu.

Na kai hannu in janye shi, ya ja baya, ya taka gefen zanin gado. Ƙusar kalanda ta fita. Zani ya sauko a hankali, kamar labulen wasan kwaikwayo, tulin wanki ya bayyana, har da abubuwan da ba zan lissafa ba. A bayan wankin kuma, a ƙofar ɗaki, ga Abbansu tsaye da singileti da tawul, ido duk barci, alkaki a hannu ya gatsa rabi.

"Wai ina gajeren wandona mai ruwan toka?"

Falon Abuja ya yi tsit. Sai Hajiya ta ce, "Wannan fa?"

Jama'a, na sani. A nan ya kamata in tuba. Na ce, "Manaja ne."

Manaja ya daina tauna. Ya dube ni, ya dubi waya, ya dubi tawul ɗinsa. Maimakon ya koma ciki kamar kowane mai hankali, sai ya ɗan russuna, ya ce, "Ina wuni, Hajiya." Da alkakinta a hannunsa. Ita kuma 'yata ta tsakiya, mai bakin nan, ta fito ta ce, "Ba manaja ba ne, Abba ne. Kuma shi ya cinye na saman wancan bokitin da daddare, ya ce kar mu faɗa." Ta buɗe murfin bokiti na huɗu, wanda ban kai ga nunawa ba. Rami ne a tsakiya, sai ka ce ɓera mai hannu ya kwana a ciki.

Na kai yatsa in kashe kiran, yatsan duk danƙon sukari, sai na juya kyamara. Abin da suka gani na ƙarshe shi ne fuskata ta cika waya, da fulawa a gira, ina cewa "innalillahi" da ainihin muryata.

Mai tabarau ɗin nan ita ce ban yafe wa ba. Hajiya ta yi kawaici, ɗayar ma ta sa gyale ta rufe baki. Ita kuwa dariya ta yi har da buga cinya, har tabarau ya zame, tana cewa, "Allah sarki, ashe 'yar gida ce!" 'Yar gida. Wa ya tambaye ta ma mu nawa ne? Alkaki ta zo gani ko ƙidayar jama'a? Irinsu ne a wurin biki za su ɗaga murfin kula su ƙirga nama. Kuma na tabbata ita ta kai labarin har ya dawo unguwarmu, domin washegari maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Ina gajiya, ya ma'aikata?" Ita da matsamina ke gidanta tun kafin azumi, sau uku ina aika yaro tana cewa tana amfani da shi.

Daren nan sai da na sake kwaɓi don cike bokiti na huɗu. Na tasa Manaja a gaba ya juya injin taliya na ragowar dubulan har ƙarfe ɗaya, yana ta cewa kafaɗarsa, ni kuma na ce ai kana gida. Hajiya ta turo cikon kuɗinta da safe, da saƙo a ƙasa: "A gaida Manaja." Shi kuma yanzu ya kama sunan, duk ƙarshen wata sai ya tambaye ni albashinsa.

Wandon dai mun same shi bayan kwana biyu, a ƙarƙashin buhun sukari, ban san yadda aka yi ba. Matsamin ne har yanzu shiru.